Masu Santi a Kan Ƙanƙara

Shekarata goma sha ɗaya lokacin da kakata ta wajen uba ta sauka a Riyadh, a azumin 1994. Umara ta zo yi, amma Baba ya ce sai ta huta a wajenmu a unguwar Al-Shifa kafin goman ƙarshe. Baba akawu ne a ofishin jakadanci, ni kuma a garin na buɗe ido. Da Larabci nake karatu, da shi nake faɗa a layi. Hausa ina jin ta sarai, amma in na buɗe baki sai ta fito kamar mota ta bi ta kanta.

Tun a filin jirgi ta ƙare mini kallo ta ce, "Wannan ne mijin nawa? Kai kamar tulu, ƙafa kamar tsinken tsire? A mayar da ni gida." Babu wanda ya taɓa gaya mini cewa tsakanin kaka da jika tsiya ita ce gaisuwa, kuma so ake ka rama. Na sunkuyar da kai na ce, "Asif, ya jaddati," wato na ba ta haƙuri da Larabci. Muna isa gida na shige ɗaki na sha kukana.

Kwana uku tana gwada ni. Ta ce rowa gare ni, ta ce ba na iya riƙe mace, ni kuwa ina ta ba da haƙuri. A rana ta huɗu ta daina. In na dawo makaranta sai ta ce, "Sannu, yaro, an dawo lafiya?" Da farko daɗi na ji. Sai na tsinkayo ta a kicin tana ce wa Mama, "Yaron nan akwai ladabi, Allah ya raya musu." Musu. Su wa ke nan? Kalmar nan ta tsaya mini a rai, don na gane ta sallama ni, ta bar wa masu garin abinsu. Na ji zafin abin ƙwarai, ban kuma san ta inda zan ɓullo masa ba.

Muna da dish a saman gida, kuma a watan ne ake wasannin hunturu na duniya a Norway. Baba mutum ne da ko kiyashi biyu aka jera aka danna musu agogo zai zauna ya kalla. Wata la'asar, kowa ya yi laushi ana jiran magariba, ya kamo tseren maza na mita dubu goma a kan ƙanƙara. Ƙarti biyu-biyu ake saki, kowanne da takalmi mai wuƙa a ƙasa, su yi ta zagaya fili har sau ashirin da biyar.

Kaka ta ɗago daga dardumarta. "Waɗannan tsirara suke aka shafa musu fenti, ko idona ne?"

"Kaya ne, Hajiya," in ji Baba. "Don kada iska ta riƙe su."

"Iska dai ta riga ta riƙe su. Kallon nan ba ya karya azumi?"

Duk da haka ba ta kau da kai ba. Baba ya samu ɗaliba, ya gyara zama. Ya ce tun 1924 ake wannan tsere a gasar, yawanci mutanen Norway da Sweden da Holland ke karɓe-karɓe a tsakaninsu. Da a fili ake yi, iska da dusar ƙanƙara na dukan mutum, yanzu kuwa an yi musu rufi. Kaka ta lissafa da yatsu ta ce, "Wato shekara saba'in suna zagaye wuri ɗaya, har yau ba wanda ya isa?" Kafin Baba ya samo amsa Mama ta tura shi sayen laban, wato nono, da sambusa. Yana ɗaukar makulli ya ce mini, "Kai ne tafinta, yalla, maza fara aiki."

Muka rage daga ni sai ita sai ƙartin nan.

"Yaro, wa ya biyo su?"

"Ba kowa."

"To me ya sa suka ranƙwafa, hannu a goye a baya, kamar surukai sun zo gaisuwa?"

Na san amsar da Larabci, amma da Hausa sai na ce, "Bayansu... haka yake." Ta gyaɗa kai irin na wadda ta tausaya wa iyayensu. Da ta lura kowane zagaye suna musayar layi, na ciki ya koma waje, sai ta ce ko ba komai suna da tarbiyya, kowa na ba ɗan'uwansa hanya. Sannan ta tambayi abin da ya fi damunta: ta yaya mutum zai tura ƙafa sau ɗaya ya yi ta tafiya haka ba ɗagawa?

Na tattaro duk Hausar da na mallaka na ce, "Kaka, santi suke yi a kan ƙanƙara."

Santsi nake nufi. Harafi ɗaya ne ya zame mini. Ta juyo a hankali.

"Santi? Me suka ci?"

"Ba su ci komai. Ƙanƙara yana da santi sosai."

Dariya ta kece mata har carbinta ya faɗi. Ta kira Mama ta ce ta zo ta ji, ana azumi wasu na can ƙasar Turawa suna lasar ƙasa suna santi. Kunya ta rufe ni, amma na lura da abu ɗaya: ba ta ce "yaro" ba, cewa ta yi "ɗan banzan nan".

Ana haka aka sako ɗan ƙasar ta Norway, wanda duk filin ke jira. Mutane suka ɗauki ihu da kaɗa tuta. Kaka ta ɗauki carbi ta shiga ƙirga masa zagaye, ɗaya bayan ɗaya, Allah ya yafe mata. Mutumin bai ko yi kama da mai sauri ba, yana dai tafiya luwai-luwai, abokin tserensa na ta zama ƙarami a bayansa. Da carbi ya kai ashirin da biyar sai mutumin ya miƙe ya ɗaga hannu, mai sharhi yana ta kururuwa cewa ba a taɓa yin irin wannan gudu ba a duniya.

Ta dube ni ta wutsiyar ido. Yanzu na san gwajin ƙarshe ne ta yi mini.

"To, na samu miji," in ji ta. "Ga namiji mai cinya. Kai kuma ka nemi wata."

Haƙurin da na saba bayarwa ya zo har bakina, na haɗiye shi. Na ce, "Shi yana gudu, ke kina da sanda. Kuma ba ya so mata mai haƙori biyu."

Baba, da ya shigo da leda a hannu, ya daskare a bakin ƙofa. Na ce shi ke nan, yau na zagi tsohuwa da azumi a bakinta, wuta zan shiga ba hisabi.

"Uku ne!" ta daka mini tsawa. Ta wangale baki tana nunawa da yatsa. "Zo ka ƙirga, makaho! Haka kawai za ka rage mini ɗaya a gaban ɗana?"

Na je na ƙirga, uku ne. Ta damƙe kunnena ta murɗa, ta jawo kaina ta danna a ƙirjinta, ta daɗe ba ta sake ni ba. Mayafinta na ƙanshin man zafi. Ina jin ƙirjin yana rawa, na ɗauka dariya ce, sai da ɗumin hawaye ya sauko mini a ƙeya.

"Ashe da baki," ta ce a hankali. "Ka bar ni ina ta gaishe ka kamar baƙo a gidan ɗana."