Injin Gavrila da Manhajar da Paraska Ta Zaɓa

Gavrila Tamash a wajen mahaifinsa ya gaji sassaƙa. Duk ƙauyukan bakin kogin Iza, in ka ga ƙofar gida an zagaye ta da murɗaɗɗiyar igiya ta katako, ga siffar rana an sassaƙa a samanta, da wuya in ba aikin gidansu ba ne. Mutum ne marar yawan magana, kuma bai taɓa neman shawarar kowa a kan katako ba.

Da ya haura shekara sittin sai yatsunsa suka fara ƙagewa da sanyin ƙashi. Kurfin sassaƙa ya riƙa suɓuce masa, aikin mutane ya taru. 'Yarsa Viorika, wadda ke aikin jinya a Italiya, ta samo tsohon injin sassaƙa mai aiki da kwamfuta ta aiko masa a babbar mota. Gavrila ya zagaya injin, ya jona wuta, ya danna maɓalli. Injin ya yi ƙugi, amma ko motsi. Ya kira ta a waya.

"Baba, ai sai da manhaja," in ji Viorika.

"To ba ta cikin akwatin. Na duba har ƙasa."

"Ba a akwati take zuwa ba. A cikin kwamfuta ake sa ta, ita ke gaya wa injin abin da zai yi."

Ya ce ya gane, alhali bai gane ba.

Ranar kasuwa ya shiga garin Sighet wajen wani mai sayar da kayan injuna. Mutumin ya ce ai manhaja biyu ake bukata: ɗaya ta zane, ɗaya mai shata wa bakin injin hanya. Wani lokaci kuma biyun a haɗe suke. Mafi kyawunsu ba a sayarwa, hayarta ake bayarwa shekara-shekara, kuma kuɗin ya kusa na saniya.

"Haya kamar gona?" in ji Gavrila. "In shekara ta ƙare ban biya ba fa?"

"Sai ta rufe, Bade," in ji mutumin, yana kiransa yadda ake kiran dattijo a can.

"Zanen da na yi da hannuna?"

"Yana nan naka ne. Buɗewa ce dai ba za ka iya ba."

Har ya iso gida yana juya maganar, ya kasa gano yadda abu zai zama naka kuma a hana ka gani.

Maƙwabcinsa Toader, makanikin tarakta, da jin labarin ya fashe da dariya. "Tsoho, 'yan birni sun so su yi maka aski. Wa ke sayen wannan abu? Bari ka gani." Ya kawo wata da aka kwafo ta bayan fage ya sa masa, suka ɗora katako mai tsada wanda Gavrila ya daɗe yana busarwa. Injin ya fara tafiya gwanin sha'awa. Ana tsakiyar igiya sai bakin ya nutse, ya huda katakon har teburi, ya karye.

"Katakonka ne ɗanye," in ji Toader, yana neman hularsa.

Viorika ta turo ta kyauta, halal ɗinta, amma duk da Turanci take, ga allon kwamfutar cike da maɓallai kamar tururuwa. Da ya taɓa ɗaya sai zanen ya kife, ya taɓa wani ya ɓace gaba ɗaya. Ta sake turo wata ta gwaji, mai sauƙi, da yarensu. Wannan ya ɗan saba da ita. Rabin hunturu yana fama da linzamin kwamfuta da ƙagaggun yatsu har igiya ta fito. Ranar da ya ce injin ya yanka, manhajar ta ce zane kyauta ne, yanka kuwa sai an saya. Da ya duba sayen, kashi uku ya gani: ƙarama, matsakaiciya da babba, sunayensu kusan ɗaya.

Yana zaune ya zuba wa allon ido matarsa Paraska ta shigo ɗibar ɓawon katako na hura wuta. Ita masaƙiyar darduma ce tun tana budurwa. Ta tsaya a bayansa ta daɗe.

"Gavrila, waɗannan layukan ai zaren tsaye ne da na kwance."

"Ba saƙa ba ce, mace. Akwai zurfi kuma."

"To zurfin kai ka sani. Matsa."

Ya matsa, don ya gaji. Ta ja kujera, ta sa tabaronta, ta riƙa karanta bayanin kashi ukun da ƙarfi kamar mai karatu a coci. Babba tana sassaƙa har fuskar mutum. Matsakaiciya tana yanka allon katako kowane tsawo. Ƙarama tana yin igiya da rana da ganye, saye ɗaya ba haya, sai dai ba ta wuce allo mai tsawon hannu.

"Ka taɓa sassaƙa fuskar mutum?"

"A'a."

"To ƙarama."

"Ƙofa fa ta fi ni tsawo."

"Haɗa katako ya gagare ka ne yanzu?"

Bai tabbata ba ko ta yi daidai, amma bai ga inda ta yi kuskure ba. Suka saya.

Ƙofar farko da suka yi ta wasu ma'aurata ce da suka dawo daga Sifen. Paraska ta zana, tana tambayarsa zurfin kowane murɗi, injin ya yanka gunduwa-gunduwa, shi kuma ya haɗa su da turakun katako yadda ko farce ba ya shiga tsakani, ya bi gefuna da kurfi gwargwadon abin da yatsunsa suka yarda. Toader ya zo ya shafa, ya nemi mahaɗin ya rasa, ya ce, "Ashe dai matarka ce kafintan, kai ɗan kallo ne."

Maganar ta tsaya wa Gavrila a rai, don shi kansa in an tambaye shi wa ya yi ƙofar, amsarsa ba ɗaya ba ce. Wani lokaci ya ce shi, wani lokaci ya ce su, ran nan ma ya ce wa limamin coci, "Fada, wallahi ban sani ba."

Yanzu aiki ya dawo gidan. Masu kawowa kan gaishe shi a ƙofa su wuce ciki wajen Lele Paraska, kamar yadda suke kiranta don girmamawa, wadda ta jingine masaƙarta a bango. In rana ta take tana kan zane, shi ke ɗora tukunya ya tuƙa mamaliga, tuwon masararsu. Tuwon yana fita da gudaji, Paraska ta cinye abinta haka nan. Kwanan baya manhajar ta fito da saƙo cewa akwai sabuwa, ko za su ƙara kuɗi su karɓa. Gavrila ya tambaya ko tasu ta lalace ne. Paraska ta ce lafiyarta lau, ta rufe saƙon, ta ce ya ɗauko allo na gaba.