Masinjan da Ya Ƙi Zama a Baranda

Shekara talatin Masinja ya yi a bakin ƙofar kotu, bai taɓa damuwa da sunan kowa ba. A wurinsa mutane kashi uku ne: mai ƙara, wanda ake ƙara, sai mai shaida. Mai ƙara bencin dama, wanda ake ƙara bencin hagu. Masu shaida kuwa kamar sun kashe masa wani. Doka ta ce su jira a baranda har a kira su, don kada su ji abin da ake faɗa a ciki, shi kuma ya mai da dokar bulala. Tsohuwa ce ko mai ciki, korar kaji yake yi musu. Mutum ne mai baƙin hali da taurin kai, ko ruwa bai taɓa miƙa wa kowa ba.

Bayan ya yi ritaya, wani maƙwabci ya kai ƙarar ƙanwarsa, wai ɗakin da take zaune da marayunta ya shiga filinsa. Takarda babu. Mutum ɗaya ne ya rage a duniya da ya ga ranar da mahaifinsu ya kafa iyakar, wato Masinja.

Ranar shari'a, wanda ya gaji aikinsa ya nuna masa baranda. Masinja ya kalle shi sama da ƙasa.

"Ni za ka koya wa aiki?"

Ya wuce ciki, ya tsaya a tsohon wurinsa yana hura hanci. Daga bencin hagu ƙanwar ta ce a hankali, "Yaya, don Allah ka fita."

"Rufe min baki. Nan gidana ne."

Lauyan mai ƙara ya gan shi, ya yi gum da bakinsa. Sai da aka kira mai shaida, sannan lauyan ya miƙe.

"Ya mai shari'a, mutumin nan tun safe yana ciki. Babu abin da bai ji ba."

Alƙali ya cire tabarau ya dubi Masinja. "Kai da kanka?" Ya ƙi karɓar shaidar, ɗaki ya koma hannun maƙwabci.

A baranda ƙanwar ba ta yi kuka ba, haushi ya hana ta.

"Sau ɗaya aka ce ka fita saboda ni, ka ƙi. To, yanzu ni da 'ya'yana aka fitar."

Tun ranar ba ta sake ce masa Yaya ba. In ya je ɗan ɗakin hayar da ta koma ya yi sallama, sai ya ji muryarta daga ciki tana ce wa 'yarta, "Mai shaida ne. Ya jira a waje har a kira shi."