Kaurar da Badaru Ya Sare Ɗanya

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan gabas da Minjibir ya san Malam Badaru Mai Jigo, ko da a bakin manya ne. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, ga rowar ruwa. Zai ba ka kwandon albasa kyauta, amma ka zubar da rabin buta a gabansa ka sha faɗan yini guda. Matarsa Safiyatu kan ce da ruwan alwala na komawa buta, da malam ya mayar.

Ba a banza ya zama haka ba. Tun yana ɗan shekara goma yake jan jigo a fadamar mahaifinsa, guga bayan guga, yana shayar da lambu fangali-fangali. Da damina kuma ya shuka kaura, dawar nan mai nauyin kai wadda ba ta nuna sai sanyi ya shigo sosai. Ita ce abincin gidan. Mutum tara ke ci daga rumbu ɗaya, kuma rumbun bai taɓa kunyata shi ba.

Sai aka gina dam a sama da su. Rafi ya daina malala, rijiyoyin fadama suka ƙafe, jigo ya zama itacen ɗaure akuya. Aka haƙa kanal, aka yanka gonakin mutane aka sake raba musu. Ta Badaru ta faɗo can ƙarshen kanal, inda ruwa ke isowa bayan kowa ya sha.

A shekarar da hatsi ya yi wuya, hukuma ta ce kowa alkama zai noma da rani, don ƙasa ta ci da kanta. Magana ce mai daɗin ji. Abin da masu maganar ba su duba ba, alkama tana son a shuka ta da farkon sanyi, daidai lokacin da kaura ke cika ido. Malamin gona, wani saurayi mai suna Basiru, ya zo da takarda: duk gonar da ba a share ba nan da kwana goma, tarakta za ta wuce ta, a ba wani filin.

Badaru ya kama hannunsa har cikin gona, ya matse ƙwaya ɗaya, farin ruwa ya fito.

"Ɗana, duba, madara ce. A ba ni sati uku kacal."

"Wallahi Baba ba ni na sa ranar ba," in ji Basiru, kansa a ƙasa. "Amma an ce ruwa ba zai yanke ba. Buhun alkama ɗaya zai sayi dawa uku."

Safiyatu ta roƙe shi. "Malam, kada ka saki reshe ka kama ganye. Wannan muna ganinta da idonmu."

"In suka karɓe gonar fa, baɗi a ina za mu shuka?"

Ranar Talata ya ɗauki magirbi ya shiga. Mutumin da bai taɓa zubar da moɗar ruwa ba, shi ya kwantar da abincin shekara da hannunsa, awakin unguwa suka yi ta biki. Waɗanda suka gan shi sun ce bai yi wa kowa sallama ba a hanyar gida.

Aka shuka alkama. Ruwa ya zo sau biyu, ta tsiro shar, har Badaru ya fara tsokanar Safiyatu cewa ta koyi yin alkaki. Daga nan shiru. Damina ba ta cika dam ba, na kusa da bakin kanal suka riƙa tare ɗan abin da ya samu, kuma ba za ka zarge su ba, su ma 'ya'ya gare su. Kullum da safe Badaru ya bi kanal da fartanya yana kwashe yashi, yana gyara wa ruwan da ba ya zuwa hanya. Alkama ta yi ja, ta bushe tun ba ta kai gwiwa ba.

Gidan ya shiga bazara da rumbu wayam. Aka ci dusa, aka ci tafasa, aka sauke damin irin da ke rataye aka daka. Manyan 'ya'yansa biyu suka tafi birni ci-rani, ba su dawo da zama ba. Autarsu Luba, 'yar shekara huɗu, kyanda ta same ta jiki ba ƙarfi, ba ta ga damina ba.

Kwana uku da binne ta aka saki ruwa. Ya gangaro har ƙarshen kanal, kamar ba shi ya yi laifi ba. Badaru ya tashi daga zaman makoki, ya ɗauki fartanya. Mutane suka bi shi, a zatonsu ya zautu. Ya fasa bakin fangali na farko, ya jira ya cika, ya toshe, ya buɗe na gaba, yana shayar da busasshen kara a tsanake.

"Malam, me kake shayarwa?" Safiyatu ta tambaya, tana kuka.

"Ruwa ne ya zo," ya ce. "Ba a barinsa ya wuce a banza."

Ya yi shekara goma sha ɗaya bayan nan. Bai ƙara yi wa kowa faɗa a kan buta ba.