Ƙananan Baƙaƙen da ke Gindin Gwangwani

Ina goyon ɗana na uku aka buɗe mana ajin yaƙi da jahilci a unguwarmu ta Dagmanet, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Bayan la'asar muke zuwa, idan ƴan lakwal, yaran boko, sun tashi, mu shimfiɗa tabarmi, malaminmu, da muke ce wa mushe, ya rubuta a allo mu bi shi da baki. Da yawa muka fara, kaɗan muka jure. Ni maigidana fataucin gishirin Tegidda yake yi, yakan yi wata bai kwana gida ba, saboda haka na sami sarari. Kafin damina na iya haɗa baƙi.

Abu na farko da na karanta ba a gaban mushe ba, a bakin kasuwa ne. Akwai wani mai butiki da kamyo, babbar motar kaya, ya sauke masa kwalayen madarar gwangwani, kowane gwangwani da hoton jariri ɓul-ɓul yana dariya. Ya sa an rubuta masa Hausa da manyan baƙaƙe a jikin katako, ya jingina a ƙofa. Na tsaya da kwandona ina haɗawa a hankali, ashe a fili nake yi: “Madarar nan tana gina jariri.”

Mai butikin ya tafa hannu. “A'a! Yau ga malama a ƙofata. Ku matso, mata, ku ji. Ba ni na faɗa ba fa, rubutu ne, ga mai karatu ta karanta.”

Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan maganar ba. Mu a lokacin rubutun da muka sani shi ne na allo, wanda malam ke wankewa a sha, sai na cikin laya. Takarda idan ta faɗi ƙasa, ɗauke ta ake yi a soke a tsagar bango don kada a taka. Bai taɓa zuwa ranmu ba cewa mutum zai zauna ya rubuta abin da ba haka yake ba don kayansa su shiga.

Ya ba ni gwangwani ɗaya kyauta, da kallabi. Tun daga ranar, in na biyo ta nan sai ya kira ni in karanta wa mata katakon. Ina so, ba zan ɓoye ba. Ni da ba a jin muryata ko a gidan biki, ga shi ana yin tsit a saurare ni.

Maƙwabciyata matar wani tela ce, yarinya ƙarama, haihuwarta ta fari, ta sami ƴa mace. Bayan arba'in zazzaɓi ya kwantar da ita, da ta tashi nononta ya ragu. Uwar mijinta ta ce a dama mata kunun kanwa, jaririya kuma a ƙara mata da nonon akuya kafin na uwar ya dawo. Ana cikin haka matar telan ta shigo gidanmu da hantsi, da gwangwanin a hannu. Mata uku na tsakar gida suna sussuka.

“Yaya, duba mini. Da gaske wannan ya fi na akuya?”

Na ce haka aka rubuta a katako.

Ta juya gwangwanin ta nuna mini gindinsa. “To waɗannan ƙananan fa, me suka ce?”

Na duba. Baƙaƙen duk na san su, amma da na haɗa sai ba su zama magana ba, Faransanci ne. Ba mu yi shi a aji ba. Abin da ya kamata in ce shi ne ban sani ba, a kai wa mushe. Sai na ji taɓare sun tsaya, matan nan suna jira.

Na ce, “Shi ne dai na jikin katakon, aka maimaita da nasaranci.”

Da labari ya kai wa uwar mijinta, ta leƙo ta katanga ta ce, “Malamar zamani, mu da akuya muka yi goyonmu, kuma ba mu taɓa ganin akuya da rubutu a goshi ba.” Aka yi dariya, har da ni. Amma maganata aka bi.

Da farko abin ya yi kamar ya karɓe ta. Madarar zaƙi gare ta, jaririya ta kama, har ta daina neman mama, ɗan abin da ya rage wa uwar ya ƙafe. Daga nan sai zawo. Cinyoyinta suka saki, maɗigarta ta faɗa, kukanta ya koma kamar na ƴar kyanwa. Kullum da safe nakan shiga in duba ta in ce da sauƙi, in fito in kasa cin abinci.

Ni na raka su likita. Lokotoro ya duba yarinyar, ya tambayi abin da take sha, aka miƙa masa gwangwanin. Bai ko kalli hoton ba, gindin ya juya, ya fassara mana: an cire maiƙon madarar, sukari ya fi yawa, ta shayi ce, kada a ba jarirai. Ya ɗago ya ce wa uwar, “Wa ya ce ki ba ta wannan?”

Ina tsaye a gefenta da ɗana a baya. Ta dubi ƙasa ta ce, “Ni na ga dama.”

Lokotoro ya kai magana gaban kumandan, aka kira mai butikin. Mun ji abin da ya ce: shi bai ɗura wa ƴar kowa ba, gargaɗi na jikin gwangwani, wanda bai karanta ba shi ya so, kuma ai mata suna da mai karanta musu. Aka rasa dokar da za a kama shi da ita. Katakon kawai aka sa ya ɗauke, gwangwanaye suka ci gaba da fita da hotonsu. Sai bayan na yi jikoki na ji a rediyo ana bayanin cewa yanzu akwai doka a kan tallar abincin jarirai, mai kaya ba shi da ikon faɗar abin da ya ga dama. Na saurara har ƙarshe. Na yi murna.

A ranar likita dai, lokotoro ya ce magani kaɗai ba zai tashe ta ba, nonon mutum take bukata. Muna komowa gida na kwance ɗana na ajiye, na karɓi yarinyar. Da ƙyar ta kama, ba ta da ƙarfin ja. Na riƙa matsa mata a baki kaɗan-kaɗan. Nawa ɗan na soma ba shi kunu tun lokacinsa bai yi ba, ya yi ta rigima. Maigidana ya dawo daga Tegidda ya tarar da haka, ya ce, “Kin dai san kin mayar da su wa da ƙanwa.” Na ce na sani.

Sai da aka yi makonni kafin zawon ya tsaya, maɗigar ta ciko. Ta rayu, amma ba ta yi jiki ba, sa'o'inta duk sun riga ta zama, sun riga ta tafiya. Unguwa kuwa sai sa mini albarka ake yi, har uwar mijin ta aiko mini da dabino. Wannan yabon ya fi zagi ciwo.

Wata rana uwar ta kawo ta shan nono, babu kowa a gidan, na ce, “Ƙanwata, akwai maganar da ke cina. Ƙananan baƙaƙen nan, ban iya karanta su ba. Ƙarya na yi miki. Ki yafe ni.”

Ta gyara wa yarinyar wuyan riga.

“Yaya, ai na gani. Bakinki ya motsa ya tsaya, ba kamar yadda kike yi da katakon ba. Ni ma so nake ya zama gaskiya, shi ya sa ban sake tambaya ba.”

Na jira ta ce ta yafe. Ba ta ce ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba. Yarinyar ta soma ƙananan kuka, ta miƙo mini ita.

“Karɓe ta, yunwa take ji.”