Cinya aka ɗaure, a ƙugu na karye

Salamu alaikum. Shekaru ke nan ina jin abin da ake faɗa a kaina a majalisar ƙofar masallaci, ina haɗiyewa. Wai ni na jawo wa kaina ɗingishi, don na kwance ɗori na tafi asibiti. Yau zan yi magana, saboda ƙanwata Asabe tana kwance da irin ciwona, 'ya'yanta sun ƙi kai ta hoto, kuma da ni suke kafa hujja. Ban yi boko ba, 'yata ce ke latsa wayar, amma maganar tawa ce.

Daga kan amalanke na faɗo, ina kai taki gona gab da damina. Na yunƙura, ƙafar dama ta ƙi. Ta kwanta gefe kamar ba tawa ba.

Aka kira mai ɗori. Ba na zaginsa, ubansa ne ya ɗora mini hannu ina saurayi. Ya shafa cinyata, ya jera karare, ya ɗaure tamau. Sannan ya karya ƙafar kaza, ita ma ya ɗaure, ya ce, "Baba Iro, ran da ta taka, kai ma ka taka."

Kaza ta taka, har ta yi ƙwai. Ni ko juyi ba na iyawa. Bayana ya fara gyambo. Na ji tsoro, wallahi. Na ga a kan tabarmar nan za a yi mini wanka.

Na ce a kwance ɗorin. Matata Hajara ta ce, "Malam, wannan taurin kan naka!" Na ce taurin kan ne zai kai ni Kano.

A asibiti aka yanki kati, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoto. Likita ya ɗaga hoton a haske ya ce, "Baba, ƙashin cinya yana da kai kamar ƙwallon goruba, zaune cikin gurbinsa a ƙugu. Ƙarƙashin kan akwai wuya. A nan ka karye."

Na ce, "To cinyar da aka ɗaure fa?"

Ya ce, "Lafiyarta ƙalau. Amma kan ya daɗe jini ba ya isa gare shi, ya mutu. Sai mun sa na ƙarfe."

Shanun amalankena suka tafi kasuwar Ɗanbatta. Aka yi mini allura a gadon baya, aka yi aiki. Daga nan sai gashin ƙashi, ina dogara ƙarfe ina faɗa, masu aikin suna dariya suna cewa, "Baba, ƙara taku ɗaya." Ɗingishin da kuke gani, zaman da na yi a ɗaki ne ya haife shi. Da shi nake zuwa gona yau.

Alhamdu lillahi. Na gode wa likitocin nan, na gode wa Hajara, duk da mitarta.

Shawarata: tsoho ya faɗi ya kasa tashi, ƙafa ta juya waje, a fara ɗaukar hoto. Ƙashi ba ɗaya ba ne. Na ƙwauri da na hannu kara yana riƙe su. Na ƙugu yana can cikin tsoka, kara ba ya kaiwa gare shi.

Kai kuma Sani, babban ɗan Asabe, na zo gidanku ka fice, na kira ka ƙi ɗauka. To ga ni a bainar jama'a. Wane ƙashi ne ya karye a jikin uwarku? Wa ya gan shi? In ka sani, faɗa mini sunansa. In ba ka sani ba, yaushe za ka kawo mota? Ka amsa mini a nan, kowa ya gani.