Dutsen Jan Kallabi

Can bayan Shika akwai wani dutse da masu taswira ba su damu da shi ba. Ɗaliban jami'a sun sha zuwa da na'urori su auna tsawonsa, kowane aji da amsarsa. Mama Clara kuwa, mai kunun zaƙi a kasuwar Samaru, cewa take yi tsawon dutse yana ga gwiwar mai hawa. Ita ta fi kowa zuwa wurin, amma har ta yi jikoki ba ta taɓa taka ƙololuwarsa ba.

Kowace Litinin ta Ista, ranar da Kiristoci ke fita shaƙatawar da ake kira Galili, coci-cocin Samaru da na Sabon Gari kan cika motoci su nufi dutsen. Mama Clara takan hau da tulun kunu a ka da jan kallabinta, har zuwa wani falale a gefen tsamiyar da ke rabin hanya, ta sauke kaya. Kullum da niyyar ƙarasawa take zuwa, kullum kuma sai an kawo mata wani: mai haki, mai jiri, ko 'yar gayun da ta zo hawan dutse da takalmi mai tsini. Ta yi wa wannan fifita, ta ɗura wa wancan kunu, tana faɗa tana shafa baya. Kafin ta ɗago kai har an fara saukowa. Da ta ji matasa na kiran wurin Dutsen Jan Kallabi, ta ɗauka tsiya suke yi mata, don ba ta da wani kallabin fita sai shi.

A 2006 likita ya duba gwiwoyinta ya ce ita da hawan dutse sun yi sallama. Ta ce ta ji, amma ban da na bana. Abin ya tsaya mata a rai ƙwarai, a ce ana kiran dutse da kallabinta ita ba ta san samansa ba. Da ranar hawan ta zo, ta bar tulun a hannun Bisi, maƙwabciyarta mai ɗinki, ta ɗauki sanda ta wuce tsamiyar ba ta waiwaya ba. Akinola, mai buga katin biki a Sabon Gari, wanda tumbinsa ya sha zubar da shi a gabanta, shi ya riƙe mata hannu. Wani wurin da rarrafe ta wuce shi, amma ta kai. Ta hango Samaru, rufin gidaje na walƙiya kamar an shanya kwanonin abinci. Ta zauna ta yi kukanta na murna, ba ta ji kunyar kowa ba.

Da aka tashi sauka sai aka yi cirko-cirko. Daga sama duk gangaren iri ɗaya ne, itatuwan ma haka, ga shi wani gefen santsi ne da rami. Manyan mutanen da suka yi shekaru suna hawa suka dinga leƙawa suna dawowa. Mama Clara ta tambaya ko sun manta ƙafafunsu a gida ne.

Akinola ya sosa ƙeya ya ce, "Mama, ai mu ba mu taɓa sanin hanya ba. Kallabinki muke hangowa a ƙasa mu nufe shi. Yau kuwa ga shi nan tare da mu."

Mama Clara ta shafa kallabin da ke kanta. Ta daɗe tana duban ƙasa har ta gane tsamiyarta, mai karyayyen reshe, ta nuna musu da sanda. Da suka sauko falalen ta kwance kallabin, ta rufe kai da gefen zani, ta sa aka ɗaura shi a reshen.

Ba ta sake hawa ba. Amma duk Ista takan sayi sabon jan kallabi ta haɗa wa Bisi da tulun kunu, ta ja mata kunne a ɗaura shi inda na sama za su gani.