Babur ɗin da Ke Mutuwa a Gaban Manya

A Tudun Wada, in ka ambaci Labaran Maƙeri, tsofaffi kan gyara zama su ce, wane, mai babur? To shi ɗin ne. Bai riƙe sarauta ba, bai yi aikin En'e ba. Maƙeri ne ɗan maƙeri, gajere kakkaura, mai taurin kai irin wanda in ya sa abu a gaba sai dai a bar shi da halinsa. Garma da lauje da fartanya su ne abincinsa har ya tsufa, sai ɗan gyaran keke. Amma abin da ya sa ake tuna shi wani tsohon babur ne da ya cinye masa shekara uku cur.

Yana saurayi ya riƙa zuwa cin rani Riruwai, inda ake haƙar kuza. Can aka sa shi gyaran diga da shebur a hannun Bala Bakanike, wani dattijo mutumin ƙasar Bauchi mai kula da injinan ruwa na Turawa. Bala mafaɗaci ne na gaske, noti ɗaya ka ɗaure a karkace sai ka ji sunan kakanka, amma shi ya koya wa Labaran riƙon sufana. A ranin 1953 wani Bature ya tafi gida ya bar mataccen babur a bayan sito, taya a sace, kaji suna ƙwai a gindinsa. Kullum aka tashi aiki sai Labaran ya je ya tsuguna yana kallonsa. Ranar da zai koma gida shuka, Bala ya nuna masa shi da baki, ya ce, "Kwashi tsiyarka. In ka tashe shi, ka hawo shi har nan in ji kukansa." Labaran ya ce insha Allahu. Aka warware babur gunduwa-gunduwa, jakuna biyu suka kai shi Tudun Wada.

Matarsa Hauwa da ta ga ana sauke tarkace a zaure, ta tambaya ko ƙarfen ƙira ne aka samo. Da ta ji ko mene ne, ta koma ciki, don ta san mijinta. Daga ranar, in an tashi daga maƙera, Labaran yana zaure, ya shimfiɗa tsohuwar tabarma, ya jera ƙarafa bi da bi yadda ya cire su, yana wankewa da kananzir da gashin kaza. Abin da ya ɓace ya ƙera a wuta. Abin da ba ya ƙeruwa, kamar filogi da taya, sai ya taka keke har Kwanar Dangora ya yi ta bin direbobin manyan motoci da gaisuwa da goro har wani ya tausaya ya taho masa da shi daga Kano. Baduku ya ɗinka masa mazauni da jar fatar akuya. Mutanen gari kuwa sun samu abin hira. Kowa ya zo karɓar laujensa sai ya leƙa ya ce, yaya mai jiki? Labaran ya ce da sauƙi, ya ci gaba da gugarsa.

Sai a damina ta uku babur ya yi tari, ya yi atishawa, ya kama. Kai, ranar nan tumakin unguwa sun tsinke igiya! Hawan farko kuwa da babbar riga ya yi shi, don ai abin alfarma ne, hannun rigar ya faɗa cikin sarƙa, ta naɗe shi ta maka shi a bakin marina, ya tashi rabin jiki shuɗi. Tun daga nan ya gane kayan hawa: 'yar shara mai kauri a cusa cikin wando, ƙafar wando a ɗaure da tsumma, rawani a naɗe har haɓa, sai tsohon gilashin masu walda da ya taho da shi daga Riruwai. Ba fatauci yake da babur ɗin ba, ba kuma ya ɗaukar kowa. Ran Juma'a bayan an sauko, ya zaga bayan gari ya dawo, shi ke nan, ransa fari ƙal har wata Juma'ar.

Sai dai babur ɗin yana da ciwo biyu da suka gagari maƙera. Ƙarfen da ake bugawa da ƙafa a tashe shi ya karye tun a hannun Bature. Labaran ya ƙera uku, duk suka karye, don haka ba ya tashi sai da turi a gangara. Na biyu, ba ya tsayuwa da rai: muddin ka tsaya, ya mutu. A wata ƙasa wannan ƙaramin abu ne. A Tudun Wada kuwa, inda mai keke ma ba ya wuce dattijo sai ya sauka, ya tuɓe takalmi ya durƙusa, babbar masifa ce. Liman ya ɓullo, babur ya mutu. Sarkin Maƙera ya fito alwala, babur ya mutu. Wata Juma'ar hawan bai fi na shan ruwa ba, sauran duk turi ne zuwa gangaren marina.

Rannan ya gaji, ya yi kuskuren da ya daɗe yana cizon yatsa a kansa. Ya hango surukinsa, Malam Adamu mahaifin Hauwa, yana tafe kasuwa a kan jaki. Babur na tafiya lafiya lau, zuciya ta ce masa ai jinjina ma gaisuwa ce. Ya ɗaga hannu ya wuce, ya bar tsoho da hayaƙi. Malam Adamu bai biya gidan 'yarsa ba kamar yadda ya saba ran kasuwa. Kafin la'asar magana ta zaga gari. Hauwa ta yi kuka, ta ce ita dai ba ta taɓa jin inda ƙarfe ya hana mutum durƙusa wa uban matarsa ba. Sai da Labaran ya ɗauki Sarkin Maƙera da ƙwaryar goro suka je ƙauyen tsohon, kudu da gari, aka ba da haƙuri. A gaban mutane ya yi alkawari ba zai ƙara wuce shi a kan babur ba har abada, kuma har cikin ransa ya faɗa, don kunyar ta kama shi ƙwarai.

Riruwai kuwa bai je ba. Kullum cewa yake bari ya gyara ciwon nan biyu tukuna, don ya san bakin Bala. Ana nan da kakar 1956, wani mai aikin kuza daga Riruwai ya biyo ta maƙera ya ba shi labari: idon Bala ya mutu, ƙaninsa ya zo ɗaukarsa, jibi Alhamis bayan azahar za su bi motar kuza da ke zuwa Jos, daga can su wuce gida. Ya ce tsohon ba ya ganin ko tafin hannunsa, amma kunnen na nan, har ya tambayi ko yaron nan na Tudun Wada ya tashi abin. Labaran ya ajiye masaba, ranar bai ƙara ƙira ba. Ya wanke filogi, ya ja sarƙa, ya ɗaure gwangwanin fetur a baya, ya ce wa Hauwa ko ana ha-maza-ha-mata sai Baba Bala ya ji kukan babur ɗin nan.

Ran Alhamis rana na ɓullowa ya tura a gangaren marina, babur ya amsa, ya miƙi hanyar kudu. Lissafinsa shi ne a irin wannan lokaci Malam Adamu yana zaurensa yana lazimi. Ashe suna ake yi a wani ƙauye, tsohon ya yi sammakon zuwa. Ya haye rafi ke nan, ya shiga shimfiɗaɗɗen filin yashin nan da ba shi da tudu ba shi da kwari, sai ga jaki, sai ga farin rawani. Ya san daga nan zuwa gangara ta gaba, a bakin dajin Falgore, ya fi mil uku. Babu kowa a hanyar sai su biyu, kuma da zai koma daga baya ya faɗi dalili, mai yiwuwa tsohon ya fahimta. Amma alkawari ya yi a gaban mutane. Ya saki mai, babur ya yi gurnani ya mutu. Ya jingine shi, ya cire gilashi, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a yashi.

Malam Adamu ya ji daɗi, daɗin kuwa ya sa ya ja gaisuwa. An tambayi kwana, an tambayi gajiya, an tambayi mutanen gida da yara ɗaya bayan ɗaya. Aka gangaro kan tsuntsayen da suka addabi dawa bana, aka koma kan wani lauje da ya ce zai aiko a sake masa ƙota. Labaran kansa a ƙasa, yana ta amsawa da lafiya lau, Allah ya gafarta Malam, inuwarsa tana gajarta a gabansa yana kallo. Wa zai ce wa surukinsa sauri yake yi? Sai da tsohon ya sa masa albarka ya kaɗa jakinsa, sannan ya miƙe.

Wanda bai taɓa tura babur a yashi ba bai san wahala ba. Taya na nutsewa, ƙafa na zamewa, gumi ya jiƙa rawani har ya kwance shi ya rataya. Sau biyu ya gwada gudu da shi a fili ko zai kama, ya yi tari kawai ya yi shiru. Wasu matan Fulani masu tallar nono suka wuce shi, ɗaya ta ce ita ta zaci abin ne ke ɗaukar mutum. Ya ci gaba da turi yana haki. Rana ta kusa tsaka ya kai bakin daji. Ya tura, ya ɗare, babur ya kama, ya ce alhamdu lillahi da ƙarfi shi kaɗai.

Ya ratsa Falgore birai na tsallake hanya a gabansa. A kan wani tudu ya tsaya da gangan, ya juye fetur, ya yi taimama ya yi azahar, ya sake gangarawa. Da ya doshi Doguwa bai yarda ya bi ta ƙofar masallaci ba, inda ya san dattawa na zaune. Ya bi burtali ta bayan gari, ƙaya na fizgar wandonsa. Ya shiga Riruwai ya tarar da tasha wayam. Bai tsaya ba, ya yi ta zagaya bishiyar tashar yana tambaya da ƙarfi, aka ce masa mota ta tashi ba da jimawa ba. Ya juya kai ya bi sawunta.

A kan wani dogon hawa ya cim mata, tana rarrafe da nauyin kuza, direba kuwa ba zai taɓa tsayawa da kaya a irin wurin nan ba. Bala yana zaune a baya kan buhuna, ya rame, ƙaninsa na riƙe da shi. Tun kafin Labaran ya matso, tsohon ya ɗaga kai ya karkata kunne. Labaran ya zo dab da motar, ya ga maigidansa, jikinsa ya yi abin da ya saba: hannu ya fara sakin mai, ƙafa ta nufi ƙasa. Kukan injin ya soma faɗuwa.

"Labaran ne?" in ji Bala. "Kada ka sauka. In ka kashe shi ban yafe ba. Ba shi wuta in ji."

Labaran ya murɗa. Babur ya buɗe murya, duwatsu suka amsa. Tsohon ya saurara, ya daɗe yana saurare, bakinsa na motsi. Can ya ɗaga murya ya ce, "Mai ya yi masa yawa, ka rage kaɗan. Sauran duk daidai ne, ɗana."

Hawaye ya cika gilashin Labaran har hanya ta dushe masa, ya ture shi sama da hannu ɗaya, ya ci gaba da bin motar yana ba babur wuta, don gaisuwar da ta rage masa ke nan. Da suka kai ƙarshen hawan, mota ta samu gangara ta ƙara gudu, fetur ɗinsa kuma bai isa ya bi ta ba. Ya ga tsohon ya ɗaga hannu wajen da yake jin ƙarar, har kwana ta ɓoye su. Ko musabaha ba su yi ba, kuma ba su sake haɗuwa ba.